Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Taruwar Ruwa A Ƙirjin Masu Ƙandarewar Hanta

Gabatarwa

A cikin marasa lafiyar da ke zuwa asibiti da kukan haki da busasshen tari, akwai waɗanda idan aka ɗauki hoton ƙirjinsu sai a ga gefen dama ya yi fari fat, alamar ruwa ya mamaye shi. A gwada kakinsu, ba a sami ƙwayar tarin fuka ba. A auna zuciya, a tarar tana aikinta lafiya lau. Shi kansa huhun babu abin da ya same shi, in ban da matsewar da ruwan ya yi masa. Sai an gangaro da bincike ƙasa da haƙarƙari sa'an nan a gano inda gizo ke saƙar, wato hanta ce ta daɗe da lalacewa.

Likitoci na kiran wannan hali da sunan hefatik haidurotoras. Kalmomin daga harshen Girkanci aka samo su, kuma ma'anarsu ita ce ruwan ƙirji wanda hanta ta haddasa. Wani likita mai suna Morrow da abokan aikinsa ne suka raɗa wannan suna a Amurka cikin shekarar 1958. Ana samun matsalar a jikin mutum 5 zuwa 10 daga cikin kowane mutum 100 masu ƙandarewar hanta. Wannan maƙala za ta bi sawun ruwan tun daga mafarinsa, ta nuna hanyar da yake bi ya hau ƙirji, da dalilin da ya sa zuƙe shi kurum ba ya raba mai shi da cutar.

Ƙirar Ƙirji Da Ciki

Gangar jikin ɗan Adam kamar gida ne mai hawa biyu. A bene akwai zuciya da huhu biyu, waɗanda haƙarƙari ya kewaye. A ƙasa akwai hanta da tumbi da saifa da hanji da ƙoda. Abin da ya raba hawa biyun wani faffaɗan nama ne mai siffar ƙwarya a kife, wanda masana ke kira dayafuram. A cikin wannan maƙala za a riƙa kiran sa shamaki. Gefunansa tsoka ce mai kauri, amma tsakiyarsa farin tantani ne marar kauri sosai, irin na jijiyar agara.

Shamaki shi ne babban mai aikin numfashi. Idan tsokarsa ta tsuke, sai ya sauka ƙasa, ƙirji ya ƙara faɗi, matsin da ke cikinsa ya ragu, iska ta kutsa ta hanci ta cika huhu. Idan ya saki, sai ya koma sama, iskar ta fita. Baligi mai lafiya yana yin haka sau 12 zuwa 20 a cikin minti ɗaya, wato kimanin sau 20,000 a kwana guda.

Kowane huhu yana lulluɓe da wani siririn tantani mai ruɓi biyu. Ruɓi ɗaya ya manne a jikin huhu, ɗayan kuma ya manne a bangon ƙirji daga ciki. Tsakaninsu akwai ɗan ruwa mai santsi wanda bai wuce mililita 10 zuwa 20 ba, wato kamar cikin babban cokali guda. Aikinsa irin na man keke ne: yana hana huhu gogar haƙarƙari. Kullum jiki yana tsatso sabon ruwa a wurin, waɗansu ƙananan magudanai kuma suna kwashe tsohon. Idan ruwan ya ƙaru, magudanan suna iya ninka aikinsu har kusan sau 20 kafin su gaza.

Akwai abu guda da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun daga nan, domin shi ne mabuɗin darasin. Matsin da ke tsakanin ruɓi biyun nan kullum yana ƙasa da matsin iskar waje, ko ana shaƙa ko ana fitarwa. Matsin da ke cikin ciki kuwa yana sama da shi. Saboda haka ƙirji wuri ne mai zuƙa, ciki kuma wuri ne mai turawa, shamaki ne kaɗai ke tsakani.

Hanta Da Ƙandarewarta

Hanta ita ce mafi girma a cikin kayan cikin mutum. Nauyinta a jikin baligi ya kai wajen kilogiram ɗaya da rabi, kuma tana zaune a gefen dama, daf da ƙarƙashin shamaki. Kimanin lita ɗaya da rabi na jini ke ratsa ta a kowane minti. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan jini daga hanji da saifa yake zuwa, ta wata babbar jijiya da ake kira jijiyar ƙofar hanta. Yawancin abin da hanji ya tsotsa daga abinci sai ya bi ta wannan ƙofa an tace shi kafin ya isa zuciya.

Daga cikin ayyukan hanta masu yawa akwai ƙera wani furotin mai suna albumin. A kowace lita ta ruwan jinin mai lafiya akwai giram 35 zuwa 50 na albumin. Amfaninsa shi ne riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, kamar yadda garin kuka ke kama ruwan miya ya hana shi tsinkewa.

Idan wani abu ya yi ta cutar da hanta shekara da shekaru, sai naman da ya mutu ya riƙa komawa tabo. A hankali tabon ya sarƙe ko'ina, hanta mai laushi da santsi ta koma mai tauri da gudaji-gudaji. Wannan shi ne ƙandarewar hanta, wadda likitoci ke kira sirosis. Wani likitan Faransa, Rene Laennec, shi ya ba ta wannan suna a shekarar 1819, daga kalmar Girkanci mai nufin launin ɗorawa mai duhu, saboda launin da ya ga irin wannan hanta ta koma. Manyan abubuwan da ke haddasa ta su ne cutar hanta nau'in B da nau'in C, da yawan shan giya, da taruwar kitse a hanta, wadda ta fi samun masu ƙiba da masu ciwon sukari.

Mafarin Ruwan

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su tara ruwa a jikin mai ƙandararriyar hanta.

Na farko, cunkoson jini. Tabon da ya cika hanta yana matse ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta, sai jini ya riƙa taruwa a jijiyar ƙofa kamar ruwan da aka datse da madatsa. A jikin mai lafiya, bambancin matsi tsakanin jinin da ke shiga hanta da wanda ke fita bai wuce milimita 5 na zaiba ba. Idan ya kai 10 zuwa 12, sai ruwan jini ya fara tsattsafowa daga jikin hanta da hanji yana zuba cikin kogon ciki.

Na biyu, ƙarancin albumin. Hantar da ta lalace ba ta iya ƙera shi yadda ya kamata, don haka jijiyoyi suka rasa abin da ke riƙe musu ruwa.

Na uku kuwa, ruɗewar ƙoda. Cunkoson jinin nan yana sa jijiyoyin hanji su buɗe fiye da kima, jini mai yawa ya kwanta a cikinsu. Sai ƙoda ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, ta ɗauka jiki ne ya bushe. Nan take jiki ya saki waɗansu sinadarai, daga cikinsu akwai aldosteron, masu umurtar ƙoda ta riƙe gishiri. Gishiri kuwa ba ya zama shi kaɗai: kowane giram 9 da jiki ya riƙe yana jawo kimanin lita ɗaya ta ruwa. Ruwan da aka riƙe ya sake tsiyayewa cikin ciki, ƙoda ta sake ganin ƙaranci, ta ƙara riƙewa. Haka abin zai yi ta zagayawa har ciki ya kumbura tim, ƙafafu su haye. Wannan ruwan ciki shi ake kira asayitis.

Yadda Ruwan Ke Hawa Bene

Kowa ya san ruwa gangare yake bi. To, yaya aka yi wanda ke ciki ya hau ƙirji?

An daɗe ana muhawara a kan wannan tambaya. Waɗansu masana sun ɗora laifin a kan ƙarancin albumin, waɗansu kuma a kan magudanan da suka ratsa shamaki. Amma da ƙarancin albumin ne dalili, da gefe biyu na ƙirji za su cika daidai wa daida, tun da jini ɗaya ke ratsa su. Abin da ake gani kuwa shi ne, a cikin kowane mutum 10 masu wannan matsala, wajen 8 a gefen dama kaɗai ruwan ke taruwa.

A shekarar 1955 wasu likitoci biyu a Ingila, Emerson da Davies, suka ba da bayanin wata 'yar ƙaramar huda da suka gani a shamakin wani mai wannan cuta. A shekarar 1966 kuma Lieberman da abokan aikinsa a Amurka suka yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Suka ɗura iska a cikin kogon cikin marasa lafiya, daga baya suka ɗauki hoton ƙirjinsu, sai ga iskar ta bayyana a saman ruwan ƙirji. Wannan ya tabbatar da cewa akwai hanya a buɗe tsakanin hawa biyun. A yau akan yi irin wannan gwaji da wani ruwa mai alama wanda na'ura ke iya bin sawunsa. Idan aka zuba shi a ciki, sai a gan shi a ƙirji bayan ɗan lokaci. Idan kuwa a ƙirji aka zuba, ba ya sauka ciki.

Ga yadda hudar ke samuwa. Ruwan da ya cika ciki yana tura shamaki sama yana miƙar da shi, har zaren farin tantanin nan na tsakiya ya fara rabuwa da juna. Tari da yunƙuri suna ƙara tsananta abin. Sai fatar da ta shimfiɗe cikin ciki ta kutsa ta tsakanin zaren ta yi ɗan ƙulli kamar bororo, daga bisani bororon ya fashe. Galibin irin waɗannan hudoji ba su kai santimita ɗaya ba, waɗansu ma ido ba ya ganin su. Gefen dama ya fi saurin hujewa domin farin tantaninsa ya fi faɗi, gefen hagu kuwa ya fi kaurin tsoka.

Da zarar ƙofa ta samu, sauran aikin numfashi ne ke yin sa. Duk shaƙar da mutum ya yi, ƙirji na zuƙo ɗan ruwa daga ciki, kamar yadda sirinji ke zuƙar magani idan aka ja sandarsa. Ruwan ba ya komawa, saboda matsin ciki kullum ya fi na ƙirji, kuma bakin hudar kan rufe kamar murfi idan aka turo shi daga sama. Ɗigo ɗaya sau 20,000 a kwana ba ƙaramin ruwa ba ne. Idan abin da ke shigowa ya fi ƙarfin magudanan da ke kwashewa, sai ƙirji ya fara cika.

Wannan bayani ya warware wani abin mamaki. Akan sami marar lafiya da ƙirjinsa ya cika da ruwa, amma cikinsa a lafe, babu alamar kumburi. Dalili shi ne, ƙirjin yana zuƙe ruwan da zarar ya tsatso, bai bar shi ya taru a ƙasa ba. Irin waɗannan su ne aka fi daɗewa ana yi musu maganin huhu ba tare da an waiwayi hanta ba.

Alamomi Da Bincike

Bangon ciki fata ce da tsoka masu miƙewa, don haka ciki yana iya ɗaukar lita 5 har zuwa 10 mai shi yana ta harkokinsa, sai dai nauyi da takura. Ƙirji kuwa keji ne na ƙashi, ba ya buɗewa. Rabin lita zuwa lita ɗaya ya isa ya matse huhu ya hana mutum sakat. Alamomin da aka fi gani su ne haki, musamman idan an yi tafiya ko an kwanta, da busasshen tari, da nauyin ƙirji, da kasala. Sau da yawa marar lafiya ya fi son kwanciya a kan gefen da ruwan yake, domin lafiyayyen huhun ya sami sarari. Tare da waɗannan akan ga alamun ciwon hanta: shawara a ido, kumburin ƙafa, ramewar kafaɗu da damatsa, girman saifa, wani lokaci har da aman jini.

Binciken farko da hannu da kunne ake yin sa. Likita kan ɗora yatsa a kan haƙarƙari ya ƙwanƙwasa shi da wani yatsan. Inda huhu ke cike da iska sai a ji amo kamar na ganga, inda ruwa yake kuwa sai a ji dum, babu amo. Wani likitan Ostiriya, Leopold Auenbrugger, shi ya wallafa wannan dabara a shekarar 1761. Sa'an nan likita ya saurari numfashi da abin sauraron ƙirji, wanda Laennec ɗin nan da aka ambata ya ƙirƙiro a shekarar 1816. A gefen da ruwa yake, ƙarar numfashi kan yi rauni ko ta ɓace. Hoton ƙirji yana nuna ruwa idan ya kai kimanin mililita 200, na'urar sikanin mai aiki da sauti kuwa tana ganin wanda bai kai haka ba, kuma da ita ake duba hantar kanta.

Ganin ruwa bai isa a yanke hukunci ba. Wajibi ne a sa allura a ɗebo kaɗan a kai ɗakin gwaji. Masana sun kasa ruwan ƙirji gida biyu. Akwai tsararren ruwa mai ƙarancin furotin, wanda matsi ne ya tatso shi daga lafiyayyun jijiyoyi, kamar na ciwon hanta da na ciwon zuciya da na ƙoda. Akwai kuma kakkauran ruwa mai yawan furotin, wanda ke fitowa idan tantanin huhun kansa ya kamu, kamar a tarin fuka da namoniya da ciwon daji. A shekarar 1972 wani likitan Amurka, Richard Light, ya tsara ma'aunin rarrabe su, wanda har yau da shi ake aiki. Ɗaya daga cikin sharuɗɗansa shi ne, idan furotin ɗin ruwan ƙirji ya wuce rabin na jini, to ruwan na gida na biyu ne. Ruwan da hanta ta haddasa garau yake, mai launin karan dawa, furotin ɗinsa kaɗan.

Wannan gwaji yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasashen da tarin fuka ya yawaita, irin su Nijeriya da Nijar. A waɗannan wurare tarin fuka na cikin manyan masu tara ruwa a ƙirji, kuma mai ciwon hanta ma yana iya kamuwa da shi. Kuskure ta kowane gefe yana da tsada. Idan aka bar tarin fuka ba magani, zai ci mai shi ya kuma yaɗu. Idan kuma aka ɗora mai ƙandararriyar hanta a kan magungunan tarin fuka alhali ba shi da shi, an jefa shi cikin haɗari, domin uku daga cikin magunguna huɗu da ake farawa da su suna iya yi wa hanta lahani.

Wani haɗarin shi ne ƙwayoyin cuta daga hanji su shiga ruwan su hayayyafa, ko da huhun bai kamu da namoniya ba. Wannan yana samun fiye da mutum ɗaya cikin 10 na masu ruwan. Zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko rikicewar hankali, ko raguwar fitsari, duk alamu ne da ke bukatar a garzaya asibiti, a gwada ruwan, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jinkiri ba.

Magani

Wanda ɗakinsa ke yoyo, kwashe ruwa da ƙwarya zai ba shi wurin kwanciya a daren nan, amma gobe ma sai ya kwashe. Haka lamarin yake a nan. Saboda haka magani hawa-hawa ne, kuma tun daga tushe ake farawa.

Matakin farko shi ne rage gishiri. Ana so kada abin da marar lafiya ke ci a yini ya wuce kimanin giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda a shafe, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Sinadarin da ake gudu a cikin gishiri shi ne sodiyam, kuma yana nan da yawa a cikin dunƙulen ɗanɗanon miya, da kifin gwangwani, da taliyar leda mai haɗe da kayan ɗanɗano. Kanwa ma sodiyam ce, don haka kunun kanwa da miyar da aka zuba wa kanwa suna cikin lissafi. Wajibi ne kuma a bar giya kwata-kwata, a guji magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, domin suna iya durƙusar da ƙodar mai ciwon hanta. Haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, tun da duk abin da aka sha hantar ce za ta tace shi.

Mataki na biyu shi ne magungunan sa fitsari. Akan haɗa guda biyu: sifironolakton, wanda ke toshe umurnin aldosteron, da furosemid, wanda ke sa ƙoda ta zubar da gishiri. Likita ne ke tsara adadinsu yana lura da jini da nauyin jiki. Ba a so nauyin ya riƙa sauka fiye da rabin kilogiram a kwana ga wanda ƙafarsa ba ta kumbura ba, domin gaggawa na iya busar da jijiyoyi ta lalata ƙoda.

Mataki na uku shi ne zuƙe ruwan da allura idan haki ya tsananta. Sauƙin da ake samu nan take ne. Amma ba a cika ɗibar fiye da lita ɗaya da rabi zuwa biyu a zama ɗaya ba, saboda huhun da ya daɗe a matse yana iya kumbura idan ya buɗe farat ɗaya. Idan ciki ma cike yake, akan fara rage nasa.

A nan ne ake samun wani kuskure mai kama da dabara. Mai kallo zai ce, tun da ruwan yana dawowa, me zai hana a sa roba a ƙirji a bar ta tana tsiyaya? Likitocin hanta suna guje wa haka matuƙa. Robar ba ƙirji kaɗai take kwashewa ba, har da ciki ta hanyar hudar nan, ciki kuma daga jini yake samun nasa. Sai marar lafiya ya riƙa asarar lita bayan lita, tare da albumin da gishirin jiki da furotin masu yaƙi da cuta. Ƙarshenta ƙoda ta gaza, ƙwayoyin cuta su bi robar su shiga, kuma cire ta ya zama da wuya domin ruwan bai daina zuwa ba. Ba a sa irin wannan roba sai idan ruwan ya zama mugunya. Akwai wata siririyar roba dabam da ake binnewa ƙarƙashin fata a riƙa buɗewa lokaci-lokaci, amma an fi tanadar ta domin sauƙaƙa wa wanda sauran hanyoyi suka rufe masa.

Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya jin waɗannan matakai. Ga irinsu akwai aikin da ake kira TIPS. Likita kan zura siririyar waya ta jijiyar wuya har cikin hanta, ya huda hanya tsakanin jijiyar ƙofa da jijiyar da ke fitar da jini, ya kafa ɗan bututun ƙarfe. Jinin da ya cunkushe ya sami mafita, matsi ya sauka, tsattsafowar ruwa ta ragu. Wajen mutum 7 cikin 10 suna samun sauƙi da wannan aiki. Illarsa ita ce, jinin da ya bi bututun bai tatu ba, don haka dafin da ke cikinsa yana iya isa ƙwaƙwalwa ya kawo ruɗewa da yawan barci. Akwai kuma tiyatar da ake leƙa ƙirji da na'urar hangen ciki a ɗinke hudar ko a manne ruɓi biyun tantanin huhu.

Maganin da ke tumɓuke cutar daga saiwa shi ne dashen hanta, wanda Thomas Starzl ya fara gwadawa a birnin Denba na Amurka a shekarar 1963, ya kuma yi nasara a 1967. Aiki ne mai tsadar gaske, kuma galibin 'yan Nijeriyar da aka yi wa shi a ƙasashen waje aka yi musu, kamar Indiya. Bayyanar ruwa a ƙirji alama ce ta cewa ciwon hanta ya yi nisa. Idan ruwan ya ƙi jin magani kuma ba a sami dashe ba, kusan rabin marasa lafiyar ba sa wuce shekara guda.

Rigakafi

Tun da ƙarshen hanyar yana da wuya haka, hankali ya koma farkonta. A Afirka ta Yamma, babban mai ƙandarar da hanta shi ne cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ɗauke da ita a duniya sun kai miliyan 254 a shekarar 2022. Yawancinsu ba su sani ba, domin tana iya yin shekara 20 ko 30 tana cin hanta ba tare da wata alama ba.

Shekarun da aka kamu da ita su ne ke yanke hukunci. Jaririn da ya ɗauka daga mahaifiyarsa, sau 9 cikin 10 cutar za ta zauna masa har girma. Baligin da ya kamu kuwa, fiye da sau 9 cikin 10 jikinsa zai kore ta. Shi ya sa allurar rigakafin da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa take da daraja ƙwarai, sa'an nan a cika sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Nijeriya ta shigar da wannan allura cikin jerin rigakafin yara a shekarar 2004. Tushenta kuwa binciken Baruch Blumberg ne, wanda ya gano alamar ƙwayar cutar a jini a shekarar 1965, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1976.

Cutar tana bin jini da saduwa. Aska ɗaya ga mutane da yawa wajen aski ko kaciya ko ƙaho ko tsaga, da sake amfani da allura, da ƙarin jinin da ba a gwada ba, duk ƙofofi ne. Ba a ɗaukar ta ta cin abinci a kwano ɗaya ko musafaha, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita. Wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da nau'in B, akwai magunguna irin su tenofobir masu danne ƙwayar su kare hanta. Nau'in C kuwa ana warkar da shi a fiye da kashi 95 cikin 100 da ƙwayoyin da ake sha na mako 8 zuwa 12.

Gwaji A Cikin Aji

Malami yana iya nuna ginshiƙan wannan darasi da kayan da ba su da tsada. Na farko, a zuba ruwa rabin jarka marar nuna ciki, a sa ɗalibai su riƙa ƙwanƙwasa ta daga sama zuwa ƙasa har su gano iyakar ruwan da kunne kaɗai. Wannan ita ce dabarar Auenbrugger.

Na biyu, a yanke gindin gorar roba mai tauri, a zura balan-balan ta bakinta a naɗe bakinsa a kan bakin gorar, sa'an nan a rufe gindin da fatar wani balan-balan a ɗaure tam. Gora ita ce ƙirji, balan-balan na ciki shi ne huhu, fatar gindi ita ce shamaki. Idan aka ja fatar ƙasa, huhun zai kumbura. Daga nan a huda fatar da tsinin allura, a tsoma gindin gorar cikin ruwan da aka sa wa shuni, a riƙa jan fatar a hankali. Za a ga ruwan yana kutsowa cikin gorar. Idan aka saki fatar, wani sashe zai koma. Sai malami ya tambayi ɗalibai abin da ya sa a jikin mutum ba ya komawa.

Kammalawa

An ga cewa ruwan da ke taruwa a ƙirjin mai ƙandarewar hanta a ciki ake haifar sa, sakamakon cunkoson jini da ƙarancin albumin da riƙe gishiri. Yana hawa ne ta ƙananan hudoji a shamaki, galibi a gefen dama, kuma numfashin mai shi ne ke zuƙo shi. Saboda haka duk wanda aka samu da ruwa a gefen dama na ƙirji, ya kamata a duba hantarsa, a kuma gwada ruwan kafin a fara kowane magani. Ɗalibin da ya fahimci wannan yana da abin da zai kai gida: a yi gwajin cutar hanta, a kai jariri rigakafi ranar da aka haife shi, kowa kuma ya riƙe askarsa.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke haɗuwa su tara ruwa a cikin mai ƙandarewar hanta?
2. Me ya sa lita ɗaya a ƙirji ta fi lita biyar a ciki wahalarwa?
3. Idan jiki ya riƙe giram 3 na gishiri kullum, lita nawa ta ruwa zai tara cikin kwana 30?
4. Yaya za a yi ƙirji ya cika da ruwa alhali ciki bai kumbura ba?
5. Bayyana dalilin da ya sa barin roba a ƙirji ke cutar da irin wannan marar lafiya.